Sagasu: fim ɗin da ya nuna makashi tun farko, ya ɓoye dillalinsa

A unguwar Nishinari da ke birnin Osaka na ƙasar Japan an kama wani magidanci ya ɗauki curin shinkafa a kanti, kuɗin hannunsa bai kai ba, saura yen 20. 'Yarsa Kaede, 'yar ƙaramar sakandare, ita ta sheƙo a guje ta ba da haƙuri ta karɓo shi. A daren nan yake ce mata ya yi ido huɗu a cikin jirgin ƙasa da mutumin da 'yan sanda ke nema ruwa a jallo bisa kashe-kashe, kuma duk wanda ya taimaka aka kama shi zai samu tukuicin yen miliyan 3. Yarinyar ta ɗauka irin shirmen babanta ne da ta saba ji. Gari na wayewa aka neme shi aka rasa.

Haka fim ɗin Sagasu ya buɗe. Shinzo Katayama, haifaffen yankin Osaka a 1981, shi ya ba da umarni kuma da shi aka rubuta labarin. An fara haska shi a bikin fina-finai na Busan a Koriya ta Kudu cikin Oktoban 2021, ya shiga sinimun Japan ranar 21 ga Janairun 2022, a ƙasashen waje kuma ya fita da sunan Missing. Tsawonsa sa'a biyu da 'yan mintuna. Wanda bai kalla ba kuma yake da niyya, ya dakata a nan, domin ba yadda za a yi sharhin wannan fim ba tare da an tona cikinsa ba.

Labarin binciken kisa a Japan ya daɗe da rabuwa gida biyu. Akwai tsohon salon da suke kira honkaku, wanda ya bunƙasa tun shekarun 1920: gawa a ɗaki a kulle, mutum biyar ko shida da ake zargi, alamu a warwatse, mai bincike ya tara kowa a ƙarshe ya nuna mai laifi. Wannan wasan ƙwaƙwalwa ne tsakanin marubuci da mai karatu. Daga ƙarshen shekarun 1950 sai marubuci Seicho Matsumoto da masu bin sawunsa suka karkatar da akalar. A wurinsu gano wanda ya yi kisan ƙaramin aiki ne. Babban aikin shi ne gano abin da ya tura shi, ko cin hanci a ma'aikata, ko talauci, ko wani abin kunya da al'umma ta binne. Sagasu ɗan wannan gida na biyu ne, amma ya ari dabarar gida na farko ya yi amfani da ita a inda mai kallo bai zata ba. Makashin dai ba a ɓoye shi ba. Hotonsa na manne a bango, sunansa Terumi Yamauchi, fuskarsa ta bayyana tun kafin fim ya yi nisa. Wanda aka ɓoye shi ne mutumin da muke tausayawa.

An gina labarin kashi uku, kuma ja da baya yake yi, kamar tsifar kitso, daga jela ake farawa a gangara zuwa tushe. Kashin farko na Kaede ne, a yanzu. Na biyu ya koma wata uku baya ya bi makashin. Na uku ya koma wata goma sha uku baya ya bi uban, Satoshi Harada. Kowane kashi yana sa ka sake auna abin da ka riga ka gani, har da fitowar farko ta fim ɗin, inda aka nuna uban yana gwada kai duka da guduma shi kaɗai, abin da kallon farko za ka ɗauka motsa jiki ne ko wauta.

Kashin Kaede shi ne ya fi kama da abin da muka saba gani, kuma a nan ne fim ɗin ya shimfiɗa tabarmarsa. Ta je wurin 'yan sanda, suka karɓi bayani a sanyaye. Babu mamaki: a kowace shekara ana kai rahoton ɓatan mutane kimanin 80,000 a Japan, akasarinsu ana ganinsu cikin 'yan kwanaki, kuma baligin da ya bar gida don bashi ko gajiya da rayuwa bai karya doka ba. Magidanci marar aikin kirki, matarsa ta rasu, sana'arsa ta durƙushe, ai shi ne irin wanda ake ce wa gudu ya yi. Malamar makarantarsu ta taya ta raba takardun cigiya, amma maganin da ta gani shi ne ta kawo wata sista mai kula da gidan marayu. Kaede ta tofa wa sistar yawu a fuska. Daga nan ka san yarinyar ba ta cikin masu jiran a taimake su.

Ta ji cewa sunan babanta na cikin rajistar leburori a wani wurin gini. Ta je aka kira mata Satoshi Harada, sai ga wani saurayi siriri da ba ta taɓa gani ba ya juyo: makashin ne, Yamauchi, yake aiki da sunan babanta. Wannan fitowa ita ce ta fi kowace tayar da tsikar jiki a fim ɗin, ba jini ba wuƙa, kuma ba za ta yi ma'ana sosai ba sai an san unguwar da aka ɗauke ta. A Nishinari ne unguwar Kamagasaki take, wadda hukuma ta sauya wa suna zuwa Airin a 1966, matattarar leburorin yini mafi girma a Japan. Maza marasa iyali sun kwararo cikinta daga ko'ina lokacin gine-ginen baje kolin duniya na Osaka na 1970, suna kwana a ɗakunan haya masu arha, da asuba 'yan kwangila su zo da motoci su kwashe su. An sha tarzoma a can tun daga 1961 har zuwa 2008. Da aikin gini ya ja baya, mazan suka tsufa a wurin, da yawa suka koma kan tallafin gwamnati. A 2007 hukumar birnin ta soke rajistar zama ta mutum sama da 2,000 saboda adireshin da suka bayar ba nan suke kwana ba. Unguwa ce da ba a cika tambayar mutum daga ina yake ba, kuma idan ya ce ga sunansa, shi ke nan sunansa.

Ba ƙirƙira Katayama ya yi ba da ya ɓoye makashi a irin wannan wuri. A Maris 2007 wani matashi mai suna Tatsuya Ichihashi ya kashe wata malamar Turanci 'yar Ingila mai shekara 22 a Ichikawa, kusa da Tokyo, ya suɓuce wa 'yan sanda ba ko takalmi a ƙafarsa. Ya yi shekara biyu da wata bakwai yana ɓuya. Ya sauya kamanninsa, ya yi leburanci sama da shekara a wani kamfanin gini a yankin Osaka da sunan ƙarya, yana kuma laɓewa a wani ƙaramin tsibiri a Okinawa. An kama shi a Nuwamba 2009 a tashar jirgin ruwa ta Osaka, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2011. Katayama ya ba da labari cewa mahaifinsa ya taɓa dawowa gida ya ce ya ga wannan mutum a jirgin ƙasa, iyali suka yi watsi da maganar, kuma daga nan irin labarin ya tsiro. Ita ma yen miliyan 3 ba da ka aka faɗe ta ba. Tun 2007 hukumar 'yan sandan Japan take da tsarin ba da tukuici kan manyan laifuka, kuma wannan adadi shi ne iyakarsa a bisa ƙa'ida, sai a shari'o'i na musamman ake ɗaga shi har miliyan 10, kamar yadda aka yi a kan Ichihashi.

Kashi na biyu, na makashin, shi ne a ganina ya fi rauni, ko da yake shi ne ya fi ɗaukar hankali. Yamauchi yana farautar mutanen da suka rubuta a kafafen sada zumunta cewa sun gaji da duniya, ya yi musu daɗin baki cewa zai taimaka musu su huta, ya karɓi kuɗinsu ya kashe su. Duk ɗan Japan da ya ga kulolin da yake zuba gawarwaki zai tuna da garin Zama. A Oktoba 2017 'yan sanda suka shiga wani ɗan ƙaramin ɗaki a can, a lardin Kanagawa, suka tarar da sassan jikin mutum tara, mata takwas da namiji ɗaya, 'yan shekara 15 zuwa 26. Mai ɗakin, Takahiro Shiraishi, ta Twitter ya same su. An yanke masa hukuncin kisa a Disamba 2020, aka rataye shi a Yuni 2025.

Matsalar wannan kashi ita ce Katayama ya ɗora wa makashin kaya fiye da kima. Ga cizon farce, ga wata lalatacciyar sha'awa da ta shafi farar safa, ga tsoho a tsibiri da aka sare da takobi. Jarumi Hiroya Shimizu ya yi ƙoƙari, siririn jikinsa da sanyin muryarsa sun dace, amma dodo irin wannan mun gan shi a fina-finai da yawa, kuma da zarar an nuna maka mutum a matsayin dodo, ka samu sauƙi, ka san ba irinka ba ne. Abin da ya ceci kashin shi ne wata mata da ke kiran kanta da sunan tsuntsu a intanet, wadda Misato Morita ta fito a matsayinta. Ita da gaske take son mutuwa, ba ta da ladabi, ba ta neman tausayi, tana yi wa makashin tsawa kamar wanda ta biya kuɗin aiki ya tsaya wasa. Akwai ban dariya mai ɗaci a tsakaninsu, kuma ita ce ta tona cewa maganar taimako da yake yi ƙarya ce. Shi abin da yake so daban.

A nan akwai batun doka da ya kamata a fahimta, domin a kansa labarin ya jingina. Dokar laifuka ta Japan ta raba kisa gida biyu. Sashe na 199 shi ne kisan kai, hukuncinsa daga shekara 5 zuwa rai da rai ko kisa. Sashe na 202 kuwa ya shafi wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa, ko ya kashe shi bisa roƙonsa ko yardarsa, hukuncinsa daga wata 6 zuwa shekara 7. Tazarar da ke tsakani mai faɗi ce ƙwarai, kuma kalma ɗaya ce ke raba su: yarda. A shari'ar Zama lauyoyin wanda ake tuhuma a kan wannan suka tsaya, cewa mamatan sun yarda. Shi da bakinsa ya ƙaryata lauyoyinsa, kotu kuma ta ce babu wanda ya yarda a cikinsu. Mutumin da ya rubuta da tsakar dare cewa yana son ya mutu, sau da yawa wanda zai saurare shi yake nema. Sana'ar Yamauchi gaba ɗaya a kan wannan giɓi ta ginu.

Sai kashi na uku, inda nan ne fim ɗin yake da gaske. Matar Satoshi, Kimiko, tana fama da cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka sannu a hankali, ƙafa ta tafi, hannu ya bi, magana ta bi, numfashi ya zo ƙarshe, alhali hankali na nan daram. Ba ta da magani. Satoshi yana jinyarta da hannunsa, yana ɗaga ta yana kwantarwa, ɗan gidan wasan ƙwallon tebur da yake ci da iyali da shi yana mutuwa a hannunsa. Ta roƙe shi ya raba ta da wahala. Ya kai hannu wuyanta ya kasa. Katayama bai yi gaggawa a nan ba, ya bar kyamara ta zauna a cikin ƙuntataccen ɗakin har mai kallo ya ji nauyin. A wurin da ake kai ta jinya ne wani ma'aikaci mai ladabi ya matso kusa da Satoshi ya ce ya fahimci halin da yake ciki, kuma akwai mafita. Yamauchi ke nan.

Wannan ma yana da tushe a zahiri, har biyu. A Nuwamba 2019 wata mata mai shekara 51 da ke fama da ALS ta mutu a gidanta a Kyoto bayan wasu likitoci biyu, waɗanda ba su ne ke duba ta ba, sun ziyarce ta na ɗan lokaci. Ta intanet ta haɗu da ɗayansu, kuma an tura yen miliyan 1.3 kafin ranar. An kama su a Yuli 2020. Kafin wannan, a Yuli 2016, wani tsohon ma'aikacin gidan kula da masu naƙasa a Sagamihara ya koma wurin da dare ya kashe mutum 19, yana iƙirarin wai sauke wa iyalansu da ƙasa nauyi ya yi. Kalaman Yamauchi a kan marasa lafiya daga wannan rijiya aka ɗebo su.

Da fim ɗin ya tsaya a kan mijin da ya gaji ya miƙa matarsa, da ya zama labarin tausayi irin wanda kotunan Japan suka sha gani. Kisan da mai jinya ke yi wa wanda yake jinya sanannen abu ne a ƙasar da kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun haura shekara 65, kuma alƙalai sukan sassauta. A 2006 wani mutum a Kyoto da ya kashe mahaifiyarsa mai ciwon mantuwa bayan ya bar aiki don jinyarta, kuɗi suka ƙare, ɗaurin je-ka-gyara-halinka aka yi masa. Katayama ya wuce nan. Bayan mutuwar Kimiko, Yamauchi ya jawo Satoshi cikin harkar. Aikinsa shi ne ya riƙe shafuka a kafafen sada zumunta, ya nemo masu cewa sun gaji, ya lallashe su, ya miƙa su, a ba shi kasonsa. Bai taɓa ganin jini ba, waya ce kawai a hannunsa. Dillali ne. Da ya ga asiri na shirin tonuwa, sai ya ƙulla yadda zai kashe abokin harkar tasa a tsibiri, ya yanki kansa don a ce kare kai ya yi, ya karɓi yen miliyan 3 a matsayin gwarzo. Ɓatan da 'yarsa ta zubar da hawaye a kai wani ɓangare ne na shirin. Gudumar nan ta farkon fim, atisaye yake yi.

Wannan juyi shi ne dalilin da ya sa nake ganin Sagasu ya fi yawancin takwarorinsa. Masu irin halin Yamauchi ba su da yawa a kowace al'umma, kuma shi kaɗai ba zai yi nisa ba. Matashi ne da ganinsa ma yana sa mutum ɗari-ɗari. Yana buƙatar mai fuskar mutunci, wanda ya san zafin jinya, wanda zai iya rubuta wa mai baƙin ciki kalmar da za ta shige shi domin shi ma ya ɗanɗana. Da ɗan gari akan ci gari. Fim ɗin bai ce talauci ne ya tilasta wa Satoshi ba, kuma bai ce mugu ne tun asali ba. Ya nuna matakai ne, kowanne da uzurinsa: na farko don matarsa, na biyu don tsoron tona asiri, na uku don bashi, na huɗu don makomar 'yarsa. Sai ga shi bayan komai ya lafa, ya karɓi tukuici, ya sake buɗe gidan wasansa, babu mai tilasta masa, ya koma ya buɗe shafin nan ya amsa saƙon wata mai neman mutuwa. A nan uzuri ya ƙare.

Zaɓen jarumin ma dabara ce. Jiro Sato a Japan ɗan wasan barkwanci ne, an san shi da in'ina da surutai marasa kan gado a fina-finan ban dariya da talabijin. 'Yan kallo na ganin fuskarsa suke fara murmushi. Katayama ya yi amfani da wannan amana da jama'a suka ba shi, kamar yadda Satoshi ya yi amfani da amanar waɗanda ya yaudara. Mai kallo daga waje, wanda bai san Sato ba, ya rasa rabin wannan tarko, amma ko a haka taunar bakinsa da tafiyarsa ta sakarai sun isa su sa ka cire shi daga zargi.

Akwai alƙaluma biyu da in aka ajiye su kusa da juna za a ga dalilin da ya sa labarin kisa a Japan yake yawan karkata wannan hanya. Ƙasar na cikin mafi ƙarancin kisan kai a duniya, ƙasa da mutum ɗaya cikin kowane 100,000 a shekara. Amma daga 1998 zuwa 2011 babu shekarar da masu kashe kansu ba su haura 30,000 ba, inda abin ya kai ƙololuwa a 2003 da mutum 34,427. An kafa dokar yaƙi da matsalar a 2006, adadin ya sauko zuwa 20,169 a 2019, sannan ya ɗan sake hawa a 2020 lokacin korona, musamman a tsakanin mata. Marubucin da ke neman inda mutuwa take a wannan ƙasa, ba a titi zai same ta ba, a ɗaki take, a kan waya. Makashin da ya fi dacewa da irin wannan wuri shi ne wanda ya mayar da baƙin cikin mutane kasuwa.

Kaede ce ta aika saƙon nan na ƙarshe, da sunan wata. Ta riga ta haɗa alamu, tana so ta tabbatar, babanta kuma ya zo wurin da aka yi alkawari. Fim ɗin ya rufe da su biyu suna buga ƙwallon tebur a doguwar fitowa, tana gaya masa ta san ko shi wane ne, ana jiyo jiniyar motar 'yan sanda, can sai ƙwallon ta ɓace suna ci gaba da kaɗa hannu. An yaba wa wannan rufewa sosai, kuma Aoi Ito, wadda ba ta wuce shekara goma sha biyar zuwa sha shida ba lokacin, ta riƙe ta da kyau. Ni dai ɓacewar ƙwallon ta yi mini kama da ado. Maganar yarinyar ta riga ta gama aikin. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mai binciken a wannan labari ba ɗan sanda ba ne. 'Ya ce, kuma ladan bincikenta shi ne ta zama marainiya gaba da baya da hannunta.

Inda na fi jin fim ɗin ya gaza shi ne a kan Kimiko. Kusan duk abin da muka sani game da ita shi ne tana shan wahala kuma tana son ta mutu. Ta idon mijinta muke ganinta, a matsayin nauyin da ya karya shi. Bayan shari'ar likitocin nan na Kyoto, masu fama da ALS a Japan, ciki har da Yasuhiko Funago wanda aka zaɓa ɗan majalisar dattawa a 2019 yana kan keken guragu da na'urar numfashi, sun ja hankali cewa abin da ya kamata a tattauna shi ne yadda mai cutar zai rayu, domin sau da yawa son mutuwar daga jin cewa ka zame wa iyali kaya yake fitowa. Sagasu ya la'anci wanda ya ci riba da wannan ji, amma bai tsaya ya tambayi daga ina jin ya zo wa Kimiko ba. Ga fim ɗin da ya ba wa safar makashi mintuna, wannan rowa ce.

Saura batun ko fim ne mai zaman kansa, domin a Japan wannan suna yana da sarƙaƙiya. Manyan kamfanoni huɗu ne ke riƙe da kasuwar, Toho da Toei da Shochiku da Kadokawa, kuma yawancin manyan fina-finai kwamiti ne ke ɗaukar nauyinsu: gidan talabijin, kamfanin buga littattafai, kamfanin talla da mai rarrabawa su haɗa kuɗi su raba hatsari. Irin wannan kwamiti ya fi son labarin da ya riga ya yi kasuwa a littafi ko zanen manga ko talabijin, kuma kowane mai hannun jari yana da abin da ba ya so a taɓa. Labari sabo fil, wanda uba ke dillancin mutuwa kuma ba a wanke shi a ƙarshe ba, da wuya ya tsallake wannan tebur.

Katayama ta ƙofar baya ya shigo. Ya yi shekaru yana mataimakin darakta, ciki har da aiki biyu da darakta Bong Joon-ho na Koriya ta Kudu a 2008 da 2009, kuma ana ganin tasirin a yadda yake cusa ban dariya a tsakiyar tashin hankali. Fim ɗinsa na farko, kan wani gurgu da ƙanwarsa mai larurar ƙwaƙwalwa da yunwa ta kai su ga abin kunya, da kuɗin aljihunsa ya yi shi. Ya ci kyauta a bikin fina-finai na Skip City a 2018, ya fita a 2019, ya tayar da ƙura. Wannan ne ya sa kamfanin Asmik Ace, matsakaici a harkar, tare da wani abokin hulɗa daga Koriya, suka sa kuɗi a Sagasu. Shi ya sa a Japan ake kiransa fim ɗinsa na farko na kasuwa, a waje kuma ake lissafa shi cikin masu zaman kansu. Duka biyun suna da gaskiya: ba da kuɗin aljihu aka yi shi ba, amma ba ya cikin tsarin manyan huɗun, labarinsa na daraktan ne, kuma ta ƙananan sinimu ya fara.

Waɗannan ƙananan sinimu, masu allo ɗaya ko biyu da kujeru ɗari ko ɗari biyu, su ne jijiyar duk wannan harka. Japan na fitar da fina-finan gida sama da 600 a yawancin shekarun nan, kuma kaso mai yawa daga ciki ba su da inda za a gan su sai a nan. A irin wannan ɗaki mai kujeru 84 a Tokyo aka fara haska wani fim ɗin ban dariya a 2017 da aka yi da kimanin yen miliyan 3, daidai tukuicin da Satoshi ya yi kisa a kansa, daga baya ya tara sama da yen biliyan 3. Irin wannan sa'a sau ɗaya take zuwa a shekaru. Da korona ta rufe ƙofofi a 2020, daraktoci Koji Fukada da Ryusuke Hamaguchi ne suka buɗe gidauniya a intanet, mutane kusan 30,000 suka tara sama da yen miliyan 330 aka raba wa sinimun. Duk da haka gidan sinima na Iwanami Hall da ke Tokyo, wanda ya buɗe tun 1968, ya rufe a Yuli 2022, wata shida bayan fitowar Sagasu.

Shi kuwa Katayama, fim ɗin ya kawo masa kyautar sabon darakta daga ƙungiyar daraktocin Japan, kuma kafin shekarar ta ƙare sunansa na kan wani dogon shiri na Disney+, kafar kallon fina-finai ta intanet, mai kuɗin da bai taɓa riƙe irinsa ba. Hanyar da yawancin masu hazaƙa irinsa ke bi ke nan yanzu: fim ɗaya da kuɗin aljihu, ɗaya da matsakaicin kamfani, daga nan kamfanonin intanet na Amurka su ɗauke su, domin su ne ke biyan abin da masana'antar gida ba ta biya.